Jinin da Ba a Binne Ba

Sabha, Libiya, 1981

Zuwa ga Yaya Ila, a Gangara.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Inna, ina Lantana da yara? Yaya gero bana? Ni lafiya lau, aikin gini da godiya, sai ɗan haki in na hau tsani.

Kwanaki an kai ni asibiti, suka ɗebi jinina. Ni a zatona ƙaho ne irin nasu, har na ji jikina sakayau, na yi ta godiya. Ashe ba zubarwa za su yi ba, dubawa za su yi. Lokotoro, wato likita, ya ce sukari da kitse sun yi yawa a ciki, zuciyar ma ta gaji, kuma masu irin wannan jini ba su cika daɗewa ba in ba su kiyaye ba. Na ce rai na Allah ne. Ya ce haka ne, amma in bar shayi.

Kai kuwa, Yaya, ka girme ni, ka fi ni tumbi. Abdu wanzami ya zuƙe maka baƙin jini, ya tona rami ya rufe, ka miƙe ka hau shayi har na uku. Wa ya taɓa tambayar jininka labari? Ni da na fito nema, nawa ne ya yi magana.

Kada Inna ta ji. Ga kan sukari, manyan dunƙule biyu, na ba wani direban Tanut ya kawo maka. Ka sha, Allah ya ƙara maka lafiya, amma kada ka rubuto mini daɗinsa.

Ƙanenka,
Ɗan Azumi