Jan Biro a Bangon Fayil

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan hanya tana yi maka sauƙi. Na ba Anti matarka wannan takardar ta haɗa ka da ita ta hannun abokin lodinka, tunda waya ba ta yi mana amfani. Ko dai ka ƙi ɗauka, ko ka ɗauka ka hau ba ni labarin taya da birki har kiran ya yanke.

A wannan kwanciyar asibitin, yau kwanana goma sha tara a gado na huɗu. Tagar da ke gefena ba ta buɗuwa, fenti ya manne ta. Abin da nake gani ta ciki shi ne bangon ɗakin wanki da igiyar shanya. An gama min zagaye na biyar na kemo, ruwan maganin dajin nan. Gashi ya tafi har da gira. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyata ta gado na uku, ta ga hotonka a wayata ta ce yanzu ne muka yi kama sak. Na yi dariya har na yi amai.

Ga abin da ya sa na rubuto. An kawo sabuwar likita, ta ce za a canza min magani zuwa wanda ya fi wannan ƙarfi, kuma tana so in sa hannu kafin Litinin ta sama. Na ce me hoton da aka ɗauka ya nuna? Ta ɗauki fayil ɗina, ta dubi bangonsa, ta ajiye, ta ce, "Ai an ba yayanki bayani." Na lallaɓa na sauka ɗakin kati ina dafa bango. Mai ɗakin ya ɗaga min fayil ɗin ta tagar ƙarfe. An rubuta da jan biro cewa ba a ba kowa sakamako sai kai, ga karkataccen sa hannunka a ƙasa. Na ce masa, malam, jikina ne fa a cikin nan. Ya ce shi ba ya goge jan biro, sai wanda ya sa aka rubuta ya zo.

Yaushe ka yi wannan? Ka zo ka janye, ko ka faɗa min abin da ke ciki.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Maganar fayil, ranar da muka kawo ki ba ki san inda kanki yake ba, suka ce wa za a riƙa yi wa bayani, na ce ni. Haka muka yi wa Baba, har ya cika hankalinsa kwance. Marar lafiya magani yake bukata, ba takarda ba. Ki sa musu hannu kawai, su suka san aikinsu. Ina da lodi biyu a gabana, in na sauke zan shigo. Na ce Anti ta kawo miki bargon nan mai laushi.

Ki ci abinci.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Bargo ya iso, na gode, amma ba bargo na tambaya ba.

Baba hankalinsa kwance? Haba Yaya! Ni ke zaune da shi kana kan hanya. Ya sani sarai. Yana kallona ina ce masa gyambon ciki ne, yana gyaɗa kai don kada in ji kunya. Ya rasu bai yi mana sallama ba saboda mun hana shi damar yi. Har yau abin yana cina.

Shekara ashirin ina ɗinki, ban taɓa sa almakashi a yadin mutum ban auna ba. Yanzu ni za a yanka, a ce in rufe ido in sa hannu? Tef ɗina yana ƙarƙashin filo. Duk safiya ina auna damtsena, inci biyu da rabi ya tafi a wata ɗaya. Ni ba yarinya ba ce, ina da 'ya da za ta zana jarabawar ƙarshe wata mai zuwa. In maganin nan zai warkar da ni, zan sha shi ko zai zubar min da haƙora. In kuma jan kwana ne kawai, gara in koma gida in zauna kusa da ita tana karatu. Ba zan iya zaɓa ba sai na sani.

Jiya na sake sauka. Mai ɗakin kati ya tura ni ofishin walwala, su suka ce sai likitan da ya fara duba ni, shi kuma an mayar da shi wani wuri. Na dawo na samu ledar ruwana ta ƙare, nas tana faɗa. Kowa a gidan nan yana da ikon buɗe fayil ɗin: masu koyon aiki suna karanta shi a tsaye a kaina, suna ƙus-ƙus, suna yi min murmushi. Ni kaɗai aka hana. Wallahi Yaya ina jin haushinka, kuma ina jin tsoro.

Shekaranjiya aka sauya zanin gado na uku. Maman 'Yan Biyu ta rasu, ita ma ba wanda ya faɗa mata komai.

Saura kwana biyar. Ba zan sa hannu ba.

Auta

*

Auta,

Salam. Na karanta takardarki sau uku a gefen titi, na kasa tayar da mota.

Kina ta cewa in faɗa miki abin da na sani. Ban san komai ba. Ranar da hoton ya fito, likita ya miƙo min ambulan ya ce in zauna ya yi min bayani. Na ga yadda ya cire tabarau, sai ƙafata ta ƙi zama. Na ce masa na bar mota a kan hanya, zan karanta a gida in dawo. Ban dawo ba. Ambulan ɗin yana cikin akwatin gaban mota, ƙarƙashin takardun lodi, a manne yadda aka ba ni. Wata biyu ke nan. In zan ɗauki lasin sai in kau da kai.

Ba lodi ne ya hana ni zuwa ba, ni nake neman lodin. Ke na goya zuwa makaranta, Auta. Ban iya ba.

Ki yafe min. Na ba wani direba lodin, na juyo. Asabar da safe ina ƙofar ɗakin kati, zan sa su goge jan biron. In kina so in buɗe kafin in iso, zan nemi mai karanta min Turancin.

Yayanki

*

Yaya,

Na yafe. Allah ya kawo ka lafiya, kada ka yi gudu.

Kada ka ba kowa ambulan ɗin, kawo shi a rufe. Ka biya ta shago ka ɗauko min tabarau, yana kan keken ɗinki. Tun muna yara ni nake karanta maka takardunka na Turanci, wannan ma haka za a yi. Kai dai ka zauna a bakin gado ka riƙe min takardar.

Ƙanwarka,
Auta