Bokitin Gashin da Na Ajiye wa Matar Sama

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar. In Asabar ta zo ban ji daga gare ki ba, abin da na shirya zan aikata, kuma yadda zuciyata take tafasa ba na jin zan yi nadama.

Shekara shida ke nan muna haya a ƙasan wani bene. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku ban sa shi a ido ba. Daga ni sai yarana biyu da ke wuni a makaranta, sai mahaifina, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye shekara biyu da suka wuce, maganarsa ma ba ta fita sosai. Baba tsohon duba-gari ne. Mutum ne da a zamaninsa yake shiga gida da fararen kaya ya fita da su fes, ya shafa yatsa a bakin randa ya duba. Mun tashi ko tsinke ba ya kwana a tsakar gidanmu. Tun da ya taɓa faɗowa daga gado na sauke masa katifa ƙasa, a ɗakin da ke jikin banɗaki, don ya fi mini sauƙin kula da shi.

A samanmu akwai wata mai gyaran gashi. Ba ta da shago, banɗakinta ne shagon, kuma bututunmu ɗaya da ita.

Ranar Talata wajen ƙarfe ɗaya na rana ina wanke-wanke na ji rariyar banɗaki tana gurnani. Kafin in goge hannu, baƙin ruwa ya fara ɓulɓulowa daga ƙasa, da kumfa da komai da kika sani. Na kira mai gyaran famfo, ya ce yana aiki nesa, ba zai iso ba sai biyar, amma kada kowa ya zuba ko kofi ɗaya na ruwa a gidan, sama da ƙasa. Na ɗauko sodar buɗe bututu na juye rabin gwangwani, na bi ta da tafasasshen ruwa, ko gezau. Na tare bakin ƙofa da tsofaffin zannuwa na haura sama da gudu.

Na same ta da kan wata a hannu. Na yi mata bayani cikin ladabi, wallahi har da yi mata sannu da aiki. Ta ce in yi haƙuri, ta riga ta shafa wa matar man miƙar da gashi, in ba a wanke yanzu ba kan zai ƙone, amma daga wannan ta tsaya. Na yarda na sauko. Ina jin ruwan yana gangarowa ta cikin bango, ina kallonsa yana fitowa a ƙasana da ƙamshin sabulun kanta.

Da na leƙa Baba sai na ga yana ta nuna ƙofar baya da hannunsa mai lafiya, yana ƙoƙarin magana. Na ce warin ne ya dame shi, na buɗe masa ƙofar don iska ta shigo, na ce ya yi haƙuri yanzu zan dawo. Ruwa bai tsaya ba, na sake haurawa. Anti, wani kan ne daban a hannunta! Ta ce wannan tun safe take jira, ɗauraya ce kawai, ba ta kai bokiti biyu ba. A hawa na uku ma ba ta buɗe ba, sai ƙarar na'urar busar da gashi da dariyarsu. Na tsaya ina dukan ƙofar nan har hannuna ya yi zafi, ban san minti nawa na yi ba.

Da na sauko, ruwan ya tsallake zannuwan, ya shiga ɗakin Baba, ya jiƙa katifar har tsakiya. Na tarar da mahaifina kwance a ciki. Ya yi ƙoƙarin jan jiki, ya zame, kumatunsa na taɓa ruwan. Bai yi kuka ba, bai kira ni ba, rufe ido kawai ya yi. Ni kaɗai na ja shi a kan bargo har falo, na wanke shi da ruwan randa ina kuka. Har yau ƙugunsa da cinyarsa sun yi ja, fatar tana ɗan saɓulewa.

Mai gyaran famfo ya iso biyar da rabi. Bai ko kalli banɗakin ba, ya wuce ta ƙofar baya, ya cire tsumman goge ƙasa da nake ratayewa a jikin wani ƙarfe, ya murɗa ƙarfen, ruwan ginin gaba ɗaya ya ɗauke. Ashe makullin ruwan gidan ne, shekara shida ina shanya tsumma a kai. Sai a lokacin madam ta leƙo ta taga tana tambayar wa ya ɗauke mata ruwa. Ya zura doguwar waya a ramin duba bututu da ke bayan ginin, ya jawo dunƙulen gashi da ya kai girman kan jariri, gashin mutane da gashin doki, ja da baƙi, har da ɗan jiƙaƙƙen tishu irin wanda nake goge wa Baba jiki da shi, amma gashin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ya ce hanya kaɗan ya buɗe, sai ranar Litinin zai zo da inji, kafin nan a yi hankali. Ya ce in zubar da dunƙulen. Ban zubar ba. Yana cikin bokiti na rufe da faranti, kullum sai na ɗaga na duba shi.

Har yau matar nan ba ta sauko ta ce sannu ba. Jiya muka haɗu a bakin ƙofa, ta ce wai ta ji an ɗan samu matsalar ruwa. Ɗan matsala!

Tun ranar Baba ya juya fuskarsa bango. In na kawo abinci sai na fita yake ci. Da Yayana ya ji labari ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce dama ya san ba zan iya ba, ranar Asabar zai zo da mota ya ɗauke Baba. Shi da matarsa fita suke tun safe, sai dai su bar Baba da mai aiki. Ni na san yadda yake son a juya shi, ni kaɗai nake gane maganarsa. In aka ɗauke mini shi saboda gashin wata, ba zan yafe mata ba har ƙasa ta rufe idona.

To ga abin da na shirya. Asabar ce ranar da mata suka fi cika mata ɗaki. Zan jira sai na ji warin man nan ya sauko, na tabbata ta shafa wa uku ko huɗu, sai in je in murɗe makullin, in kulle ƙofar baya, in sa mabuɗin a zanina. Ta sauko ta buga ƙofata sau uku, ni ma in kunna rediyo. In ihun ya ishe ni sai in haura da bokitina in juye mata kayanta a tsakiyar ɗaki, a gaban masu zuwa wurinta, kowa ta tsinci nata. Ina so ta ji abin da na ji a bakin ƙofarta. Anti, ki gaya mini gaskiya, na yi laifi?

Taki, 'Yar Ƙasan Bene

AMSA

'Yar uwata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma raina ya ɓaci tare da naki. Matar nan ta yi miki rashin mutunci. Kan farko tana da uzuri, domin gaskiya ne man nan yana ƙona fata in ya daɗe. Kai na biyu son zuciya ne, rufe ƙofa wulaƙanci ne, shirun da ta yi bayan nan kuma ya fi duka muni. Ba zan ce ki manta ba.

Amma shirinki na Asabar, a'a. Kawunan da za su ƙone ba nata ba ne, na matan da ba su san ki ba ne, ba su san Baba ba. Kuma ki lura, Asabar ɗaya ce gare ki. Yayanki zai tsaya da mota ya tarar da ihu a sama, ke kuma da bokitin ƙazanta a hannu. Da kanki za ki buɗe masa ƙofar motar ya saka Baba.

Yanzu ki daure ki ji naki. Tishun da kika ambata a gurguje, irinsa ba ya narkewa, shi ne ke kama gashi ya dunƙule. Daga yau leda da kwandon shara ne wurinsa. Sodar da kika juye kuma ba ta wuce ko'ina ba, ta dawo da ruwan, kuma ina zargin ita ce ta taɓa fatar Baba. Ki kai shi ko ki kira ma'aikacin lafiya ya duba wurin yau, ba gobe ba, ki faɗa masa duk abin da ke cikin ruwan. Ban faɗi wannan don in ƙara miki ciwo ba. Kin yi abin da kika sani ne a ruɗe, ke kaɗai.

Bututun bai gama buɗewa ba, don haka abin zai iya dawowa kafin Litinin. Ki yar da katifar nan, ba ta wankuwa. Ki mayar da Baba ɗakin da ya fi nisa da banɗaki, a kan gado, ki tare gefensa da kujeru ko katako. In kika sake jin gurnanin rariya, mutum za ki fara ɗaukewa, sannan ki murɗe makullin, sannan ki kashe wutar ɓangaren in ruwa ya kusa soket, amma da busasshen hannu, kina tsaye a busasshen wuri. Ki cusa tsumma a leda ki toshe rariyar, ki ɗora abu mai nauyi. In za ki iya ɗaga murfin ramin bayan ginin ki ɗaga, gara ya yi ambaliya a waje da ya yi a ɗaki, amma ki hana yara zuwa wurin. Kada ki ƙara zuba wani magani a bututun, kada ki haɗa magunguna biyu, tururinsu yana shaƙe mutum. Safar hannu da takalmin roba kafin ki taɓa komai, tagogi a buɗe. Bayan ruwan ya janye ki wanke da sabulu, ki ɗauraye, sannan ki bi da bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda aka sirka da ruwa.

Game da maƙwabciyarki, kada ki jira Asabar. Ki kira mai ginin ranar Juma'a, a sauko da ita, a ɗaga farantin nan a gabanta. Ki faɗa mata ido da ido abin da ya samu Baba, da duk abin da kika rubuto mini, kada ki rage komai. A gaya mata babu wankin kai a gidan sai inji ya zo, bayan nan kuma sai ta sa matatar da za ta tare gashi a rariyarta, kuma duk ranar da ruwa ya taso za ki rufe makullin nan take, da saninta. Bokitin kuwa ita za ta ɗauka ta kai bola da hannunta. Wannan ramuwar na amince miki da ita, kuma za ki ga ta fi daɗi.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Kin ce Baba yana ta nuna ƙofar baya. Tsohon duba-gari, a gidan da ya zauna shekara biyu, yana nuna daidai inda makullin yake. Ban san zuciyarsa ba, amma ba na jin iska yake nema. Wataƙila abin da ya sa ya juya fuskarsa bango ba ƙazantar ba ce kaɗai, har da cewa ya san maganin abin, ya faɗa, ba a ji shi ba. Ke da Yayanki kuna ta ja a kan inda zai zauna, a wasiƙarki ban ga inda wani ya tambaye shi ba.

Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi ko makullin yake nuna miki. In ya ce e, ki ba shi haƙuri. Idan kin gama wanke gidan, ki zaunar da shi a kujera, ki sa masa farar rigarsa, ki ce ya duba miki aikin lungu-lungu. Inda ya nuna da yatsa ki sake wankewa ba musu, ko sau uku ne. Bari Yayanki ya zo ranar Asabar ya tarar da duba-gari a bakin aikinsa, sannan a tambayi Baba a gaban kowa inda yake so ya zauna, abin da ya ce kuma a bi.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Tsumman nan kuma ki nema masa wani wurin shanya.