Surukata a Bayan Shinge

Zuwa ga maiɗakina Napaljarri,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya yara da mutanen garinmu Yuendumu? Ki lura, da hannuna na rubuta wannan.

Lafiya nake a birnin Alice Springs, sai gajiya. Ni ne yanzu shugaban masu tallafa wa iyalai, don hukuma ta daina kwashe 'ya'yanmu. To, akwai yarinyar da za a ɗauke ranar Litinin, muddin ban zauna da kakarta mun daidaita ba. Kakar kuwa 'yar'uwar mahaifiyarki ce, wato surukata: a al'adarmu ba kallo, ba magana tsakaninmu. Jiya na tsaya a bayan shingen gidanta, sai ta ce wa karenta, "Gaya wa shugaba ya matsa, ya tare mana iska."

Ki daure ki hau motar Juma'a, ki zo ki zama bakina. Na gwada karen, ba ya kai saƙo.

Mijinki,
Shugaba Jakamarra