Ƙwaya a Cikin Miya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi.

Kin tambayi labarin Auta. Tun da ya gama kwaleji aiki bai samu ba, amma ba zan ɗauki alhakinsa ba, bai zauna haka nan ba. Kullum waya na manne a kunnensa, yana sauraron darussan da ake ɗorawa a intanet. A nan ya koyi gyaran fanka, har ya tayar mana da ta falo. Yanzu kuma ya koma bin wani mai shiri da ke cewa maganin hawan jini kasuwanci ne kawai, tafarnuwa da barin gishiri sun wadatar. Na tambaye shi a gaban wa mutumin ya yi karatu, don mu a makarantar allo ko harafi ba ka ɗauka sai ka san bakin da ya fito. Ya yi dariya, wai Umma an wuce wannan zamanin.

Babansu ya ajiye ƙwayoyinsa na hawan jini. Ya ce ya gaji da layin asibiti, ga likita Allah ya ba shi a gida. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, abin da zan faɗa miki ya tsaya tsakaninmu. Na roƙi babansu har da hawaye ya koma shan maganinsa, ya ce in bar yaro ya nuna iliminsa. Da na ga ciwon kan ya dawo, yana tashi yana dafa bango, sai na fara murƙushe ƙwayar da bayan cokali ina zubawa a miyarsa. Kin san ko allura ban taɓa ɓoye masa ba. Ina zubawa ina istigfari. Ya yi ƙorafin ɗaci, Auta ya ce ai tafarnuwar ce ke aiki.

Jinin ya sauka. Auta na auna shi kowace safiya, ki ga murna a fuskar yaron nan, rabon da in ga haƙoransa tun ranar da ya karɓo takardarsa ta kwaleji. Ya naɗi muryar babansu yana ba da shaida, ya tura wa mutanen unguwa. Har tela maƙwabcinmu ya shigo neman bayani. Ina bayan labule ina jin su, bakina ya yi nauyi. Shin shirun nan nawa ƙarya ne? Na kasa tambayar kowane malami.

A gaishe da kowa.

Ƙanwarki.

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Mu dai sai godiyar Allah.

Tela ya faɗi a kan kekensa na ɗinki. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ba ta fita. Na je dubiya, matarsa ta riƙe hannuna tana cewa tun ranar da ya ji muryar babansu ya daina shan magani, me ya sa mu ya yi mana aiki, su bai yi musu ba?

Da na dawo na ɗauko kwalin maganin da cokalin na ajiye a gaban Auta da babansu, na faɗi komai. Auta bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗaki yana bin mutane a waya ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su goge saƙon, amma ya riga ya kai inda ba mu sani ba. Har yanzu bai yarda mun haɗa ido ba.

Babansu kuwa ya daina cin abin da na dafa. A waje yake saye. Maganin ma ya ƙi, ban sani ba ko fushi ne ko kunyar tela. Yau da safe na ga yana dafe da ƙeya, idonsa ja.

Don Allah Yaya ki zo, kada ki tsaya ba ni amsa. Ke yana jin nauyinki. Daga hannuna yanzu ko ruwa ba ya karɓa.

Wassalam,
Ƙanwarki.