Surukina ya zaɓi mota mai haɗi a shasi, kuma da sunana yake tallata ta

Gaisuwa gare ku 'yan wannan zaure, manya da ƙanana. Mai kula da zaure, ka taimaka ka cire sunana da adireshina kafin ka tura, garinmu ƙarami ne. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, kwana uku kacal suka rage mini.

Ni mai walda ne a Zuru, aikina ɗora bodi a kan manyan motoci. Ana kawo mini mota tsirara, kai da shasi kawai, wato dogayen ƙarafan nan biyu da komai na mota ke zaune a kansu, ni kuma in gina mata wurin ɗaukar kaya. Na daɗe a wannan aiki, in na ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma kunnena kan gaya mini lafiyarsa.

Ƙungiyar manoman unguwarmu ta gaji da wulaƙancin masu motar haya lokacin kaka, sai suka haɗa ƙarfi za su sayi tasu, wadda za ta riƙa kwaso dawa da masara daga Wasagu da Danko. Shugaban ƙungiyar surukina ne, uban matata, tsohon soja, Baba nake kiransa. Shi na yi wa golmo, noman da muke yi wa iyayen yarinya kafin a ba mu ita, damina bakwai ina duƙe a gonarsa, ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. Da ya ce in raka shi Kaduna in duba musu mota, har raina na ji daɗi, na ɗauka girmama ni ya yi.

Motoci biyu muka tarar da suka dace da ƙarfinmu. Ɗaya gajera ce, mummuna, fentinta ya koɗe, ƙofar direba sai an ɗaure da waya, amma shasinta garau yake tun daga kai har wutsiya, ga sifirin masu kauri. Ɗayar doguwa, kanta kore shar sai sheƙi take. Dillalin kuwa, wani mai bakin zuma, yana jin Baba tsohon soja ne ya hau kiransa Kanar. Mutumin da ya bar aiki yana saje! Kanar kaza, ranka ya daɗe Kanar, irin wannan motar sai manya. Ina kallo Baba ya gyara tsayuwa, ya turo ƙirji, ko sau ɗaya bai ce masa a'a ba. Wallahi kunya ta kama ni kamar ni ake yi wa ƙaryar.

Na shiga ƙarƙashin doguwar da gudumata. Daidai bayan kai na ji sautin ya mutu, na sa makulli na kankare baƙin fenti da giris ɗin da aka lafta, sai ga haɗi. An yanke shasin ne aka ƙara masa tsawo da ƙarfen wata motar daban, waldar ma irin ta ƙofar shago, babu ko farantin ƙarfen da zai riƙe ta. Na ja Baba gefe na gaya masa, na ce gajerar za mu ɗauka. Dillali ya yi dariya ya ce ai yaron Kanar bai saba ganin motar Turai ba, Baba ya taya shi dariya, aka gama cinikin doguwar ina tsaye kamar turke.

Har muka iso Zuru ina yi masa uzuri, ina cewa bai gane ba ne. Ashe ya gane sarai. Shekaranjiya ya zo garejina ya ce in na tashi yi mata aiki in sauko da gefen bodin ƙasa sosai, yadda zai rufe wurin haɗin. Nan ne abin ya ba ni ƙyama. Daga baya kuma na ji yana bin 'yan ƙungiya yana cewa surukinsa mai walda ya duba ta ciki da waje. Dalilin tafiya da ni ke nan, sunana yake so, ba kunnena ba.

Na ba shi mafita, na ce a bar ni in yanke ƙarin, in mayar da ita tsawonta na asali in ƙarfafa wurin, ba sai an biya ni ba. Ya ce ya riga ya gaya wa mutane yawan buhunan da za ta ɗauka, ba zai zama abin dariya a kasuwa ba, kuma wanda ya ba wa 'ya ba zai koya masa mota ba. Matata ta yi ta kuka, ta ce babanta na da hawan jini, in na tona shi gaban jama'a ba ta san abin da zai faru ba, wai in lallaɓa in manna faranti a ɓoye. Na gaya mata faranti ba zai riƙe wannan tsawon ba a hanyar Wasagu, da ramukanta da duwatsunta. Ku da ba ku san nan ba, motar kaya a wurinmu ba buhu kaɗai take ɗauka ba, masu buhun a samansa suke zama, mata da goyo.

Ranar Asabar duk 'yan ƙungiya za su zo garejina, fasto da liman za su sa wa motar albarka, kuma na san dole a juyo a tambaye ni ko lafiyarta lau. Jiya mahaifiyata ta aiko mini da tuwo, da saƙon cewa ta gaya wa ƙawayenta ita za ta fara hawa, tunda ɗanta ne ya duba. In faɗi gaskiya gaban kowa in rasa gidan surukaina, wataƙila har da matata, ko kuwa akwai wata hanyar da ban hango ba? Don in na yi shiru, da wane baki zan hana tsohuwa hawa?