Littafin Da Na Ce Maka Babu

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Hedimasta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin sauƙi a makwancinka. Ni ne Sani, wanda ba ka taɓa kiran sunansa ba saboda sunan mahaifinka ne, sai dai ka ce Babana. Daga ɗakinmu na Hayyin Ashir a Alƙahira nake rubuto maka, wata biyar bayan rasuwarka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na sa ta ne a nan shafina na intanet inda abokan karatuna za su gani, domin saboda idonsu na yi abin da na yi, to gara su san shi. Na kuma san Yaya Binta za ta karanta wa Inna, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Baba, na yi maka ƙarya. Shekara huɗu ina yi, kusan kowace Juma'a.

Kai ka san labarin littattafanka uku, amma ka yi haƙuri in maimaita saboda masu karantawa. A duk Malumfashi ban san wani ba bayan kai da ya damu da besbol, wasan nan na Amurkawa da mutum ɗaya yake jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya maka mata kulki ya zura da gudu ya zagayo fili. Kowa yana ta ƙwallon ƙafa, kai kuwa kana nan da wasan da ko a talabijin ba ka taɓa ganin an yi shi daga farko har ƙarshe ba. Ka ce tun kana ɗalibi a kwalejin horon malamai wani malaminku baƙar fata daga Amurka ya koya muku, da zai koma ƙasarsu ya bar maka littattafan a kwali.

Na farkon siriri ne, duk zane-zane, yana bayanin dokokin wasan. Da shi ka koya wa 'yan firamare. Tsohuwar taɓaryar Inna ka kai wa masassaƙi ya fere ta ta zama kulki, har yau in aka tayar da zancen sai ta ce taɓaryar ba ta tsufa ba, kai ka tsofar da ita. Silifas ɗinmu ake ajiyewa a kusurwa huɗu na filin makaranta. Masu wucewa kan keke su tsaya suna dariya, suna cewa Hedimasta ya fito da wasan Nasara. Ko a jikinka. Ka naɗe hannun riga kana ta kirari wa duk wanda ya doki ƙwallon.

Na biyun ƙato ne, tarihin wasan tun daga tushe. Shi kake karantawa da ƙamus a gefe da fensir a bayan kunne, bayan la'asar, a kan tabarmar zaure. Duk kalmar da ta ba ka wuya sai ka rubuta Hausarta a gefen shafi da rubutunka mai kyau irin na malaman da.

Na ukun, mai koren bango, shi ne ɗan gaban goshinka. Labarin baƙaƙen 'yan wasa ne a zamanin da aka hana su shiga manyan ƙungiyoyi saboda launin fatarsu, suka kafa nasu, suna yawo gari-gari a tsofaffin motoci, wani lokaci a motar suke kwana don masauki ya ƙi karɓarsu. A cikinsu akwai wani dogo, gwanin jifa, wanda ka ce in ya saki ƙwallo mai kulki sai dai ya doki iska. Kai ma ka ɗauke shi kamar ɗan'uwanka na jini. Amma ruwan sama ya yi yoyo a kan kwalin tun kafin ka kai ƙarshe, shafukan baya suka ruɓe. Littafin ya tsaya ne daidai inda aka fara ɗaukar baƙaƙe, ana ta kiran samari, shi kuwa gwanin naka shekaru sun ja, yana zaune yana jira. Sau nawa na ji ka rufe littafin ka ce, "Ko sun kira shi?"

Da wayoyi suka zo, wani ɗan ƙanenka ya ce zai binciko maka amsar yanzu-yanzu. Ka ɗaga masa hannu. Ka ce wanda ya fara ba ka labarin shi zai ƙarasa maka, kuma a takarda.

Ranar da zan taso Masar karatu, a filin jirgin Kano, kowa yana ba ni saƙon a yi masa addu'a. Kai kuwa ka ja ni gefe ka cusa wata 'yar takarda cikin fasfo ɗina. Sunan littafin ne da na marubucinsa. Ka ce, "An ce a can ba littafin da ba a samu. In ka huta, ka duba mini." Iyakar abin da ka taɓa roƙona ke nan a duniya.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci kana kira. Ka tambayi karatu, ka tambayi sanyi, ka tambaya ko ina cin abinci. Can a ƙarshe, kamar wanda ya tuna da wani ƙaramin abu, sai ka ce, "Babana, ka duba?" Ni kuma in ce na duba, Baba, babu. Ka ce to, ba komai, a ci gaba da dubawa.

Wallahi ko sau ɗaya ban duba ba.

Kuma ba don wurin ya yi mini nisa ba. Kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiya tana nan bakin tashar Ataba, mota ɗaya ce daga unguwarmu zuwa Abbasiya, sai jirgin ƙasa. Na je ta ya fi a ƙirga, ni da Kabiru abokin ɗakina da sauran 'yan'uwa, muna ɗauko tafsiri da fiƙihu har kafaɗa ta ƙage. Rumfunan littattafan Turanci suna nan a jere, ta gabansu muke wucewa. Akwai ranar da na tsaya a gaban wata rumfa, hannuna ya kai aljihu inda takardarka take. Sai Kabiru ya waiwayo ya ce yalla, za mu makara. Na saki takardar na bi su. Abin da ya zo mini a rai shi ne yadda za a yi ta yi da ni a ɗaki, a ce Ustaz Sani ya zo Masar neman littafin ƙwallo. Ka ji fa, Baba! Mutanen da in ana ƙwallon ƙafa suke cika gidan shayi suna ihu har maƙogwaro ya dushe, ni ma ina cikinsu, su nake jin kunya.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Ka tuna hutun da na zo a shekarata ta uku? Zaure ya cika da masu zuwa gaishe da ɗan Masar. Ina zaune da jallabiya da 'yar jar hula, ina ta zuba Larabci ko ba a tambaye ni ba. Kana gefe da koren littafinka a cinya, fuskarka sai annuri. Ka ce wa baƙi, ai Babana yana nema mini ƙarshen wannan a can. Wani ya yi dariya kaɗan. Dariyar nan ce ta hau mini kai. Na gyara zama, a gaban abokanka da ɗalibanka na da, na fara yi maka wa'azi. Na ce mutum in ya kai shekarunka carbi ya kamata a gani a hannunsa, ba littafin wasa ba. Na ce lokaci amana ne. Har da jawo nassi, in ƙara da fassara, kamar ina magana da wanda bai taɓa ganin allo ba.

Kai da ka koya mini Fatiha. Kai da ladan yake tararwa a ƙofar masallaci da asuba. Kai da kake sauke Alƙur'ani duk wata ba ka taɓa gaya wa kowa ba, sai Inna ce ta sani.

Ka zare yatsanka daga tsakiyar littafin, ka rufe shi, ka ce, "Allah ya ƙara ilimi, Babana." Ni kuwa a lokacin har wani daɗi na ji, wai na faɗi gaskiya ba tsoro. Washegari na lura littattafan sun bar kantar zaure. Yaya Binta ce ta gaya mini daga baya cewa ka zuba su a akwatin ƙarfe ka tura ƙarƙashin gado.

Na dawo Alƙahira, kiran Juma'a bai fasa ba. Karatu, sanyi, abinci. Sai ka ce Allah ya yi albarka, ka ajiye. Sai da aka yi kusan wata uku kafin tambayar ta dawo, ita ma a hankali, kamar mai neman alfarma a wurin babba. Na sake cewa babu. Kai, Baba, wane irin ɗa ne wannan?

Da ciwon ajalinka ya tashi muna tsakiyar jarrabawa. Ka hana a gaya mini tsananinsa. Kafin in sami jirgi an riga an kai ka.

Watan jiya wani ɗalibi ɗan garinmu ya dawo daga hutu da ƙunshi daga Inna. Na zaci kilishi ne da yaji kamar kullum. Da na kwance sai ga littattafan uku, an naɗe su da tsohon rawaninka. Inna ta aiko da cewa kai ka ce a ba ni. Na buɗe koren, na tafi kai tsaye shafin ƙarshe, inda takardar ta ruɓe. A ƙasan layin da labarin ya yanke, da fensir, ka rubuta: "Babana yana dubawa."

Na kira Inna na tambaye ta yaushe ka rubuta. Ta ce ba ta sani ba, amma a satinka na ƙarshe ka sa an jawo akwatin, kuma fensirin yana ƙarƙashin matashinka. Ta ce kullum kana gaya mata kada ta damu, yaron nan yana da naci, zai samo. Na ce layin ba kyau, na kashe. Ka ga, ita ma na yi mata tata.

Washegari na ciro takardarka daga jakar tsohon fasfo, ta yi laushi, layin ninkin ya kusa rabewa. Na je rumfar nan dai da na taɓa tsayawa a gabanta. Mai ita wani dattijo ne mai kaurin tabarau, da muke ce wa Ammu kamar yadda ake kiran kowane dattijo a nan. Na miƙa masa takardar, ya karanta, ya yaba rubutun hannun, ya tambaya ko na malami ne. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, littafin ba ya nan a rumfa, amma in dawo ranar Alhamis zai duba ɗakin ajiyarsa.

Da na koma ɗaki na kasa riƙewa, na zayyana wa Kabiru komai. Ya dube ni ya ce, "Haba Sani, don wannan? Ai da ka faɗa da ni zan raka ka." Ashe ba wanda zai yi mini dariya, Baba. Ni kaɗai na ƙirƙiri masu dariyar, na zauna ina jin tsoronsu shekara huɗu.

Ranar Alhamis tare muka je. Ammu ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗago shi, ya kaɗe shi a cinyarsa. Koren bango, irin naka sak, sai dai wannan bayansa a cike yake. Ya ce ya daɗe a cikin wani kwali, shi kansa ba ya tuna yaushe ya zo, ba wanda ya taɓa tambaya. Abin da na biya bai kai kuɗin kwanon kushari biyu ba, abincin nan mai arha na bakin titi. Zuwa biyu kacal, Baba. Zuwa biyu.

Ban iya jira in kai gida ba. Na zauna a bakin dakalin tashar Ataba, mutane suna ta ture ni, masu talla suna ihu a kaina. Na nemo layin da naka ya yanke, na ɗora daga nan. Kabiru ya tsaya ya kare ni da jikinsa, don na fara kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka gaya mini rasuwarka.

To ga abin da ka jira, ka saurara.

Sun kira shi. Sun daɗe ba su yi ba, har mutane suka ce ya tsufa, hannunsa ya mutu. Amma wata ƙungiya ta kira shi, ya sa rigarsu. Ranar da zai fara, filin ya cika maƙil, baƙaƙe da farare. Marubucin ya ce bai yi sauri ba, a hankali ya taka har tsakiyar fili, kamar yadda ya saba. Ya jefa, mai kulki ya doki iska, kamar dai yadda kake faɗa. Bai daɗe a can ba, ƙarfinsa na ƙuruciya a waɗancan tsofaffin motoci ya ƙare, kuma marubucin bai ɓoye haushin hakan ba. Amma an gan shi. Shafi goma sha ɗaya ne kawai suka rage maka, da ka gama su tsakanin la'asar da magariba.

In Allah ya kai mu hutu zan zo da littafin. Zan zauna a zauren nan, in nemi gafarar Inna da bakina, in karanta mata shafukan da Hausa, ko da za ta sake tayar da zancen taɓarya. Abokanka da suka rage, waɗanda na yi maka rashin kunya a gabansu, zan bi su gida-gida. Kai ne dai ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Jiya na fere fensir. A ƙasan rubutunka, a tsohon littafin, na rubuta: "Na duba, Baba. Sun kira shi." Wannan karon gaskiya ce.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Garba, ka haskaka kabarinsa, ka saka masa haƙurin da ya yi da ni da mafificin sakamako. Ka yafe mini ƙaryar da na yi masa da girman kan da na ɗauka ilimi ne. Ka haɗa ni da shi a inda zan iya kallon idonsa in ce ya yafe mini. Amin.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Babanka, Sani
Hayyin Ashir, Alƙahira