Hatimin gauta da ya kai mushenmu kaso

Assalamu alaikum. Don Allah ku ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni, na zagi kaina ya isa. Tsoho ne ni daga wajen Garhanga.

Zamanin babban yaƙin Turawa aka kai ni lakwal, wato makarantar boko. Mushenmu, wato malaminmu, Bahaushe ne mai dabara. Littafi ya yi ƙaranci, sai ya riƙa raba gauta biyu, ya sassaƙa harafi a kai, mu tsoma a tawada mu buga a takarda muna rera sautinsa. Kullum yana ce mini, "Kai, juya harafin kafin ka sassaƙa, in ba haka ba bai-bai zai fito." Ni kaɗai ke mantawa.

Da damina aka rubuta babana cikin masu aikin dole, ga gero bai kai ga yanka ba. Wa zai ciyar da mu? Na sassaƙa gauta kamar hatimin kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, na rubuta takardar sallama na buga. Gardin da ya zo ɗaukar Baba, wato ɗan sandan kumandan, bai iya karatu ba, ya ƙyale Baba, shi kuma ya tafi da takardar. Bayan kwana uku kumandan ya shigo ajinmu da ita a hannu. Haruffan hatimin duk bai-bai, ga shatin 'ya'yan gauta. Mushe ya duba takardar, ya dube ni, ya ce, "Ni na yi."

Na bar shi ya ɗauki laifina. Aka tafi da shi ɗaure, ya dawo da tari, bai shekara ba ya rasu. Wane irin mutum ne ni?

Abin kunyar, ɗiyarsa na aura, mun tsufa tare, ba ta sani ba. Shekaranjiya tattaɓa-kunnenmu ta kawo takarda daga makaranta, an buga haruffa da lemun tsami. Matar tawa tana kwance ba lafiya, ta karɓa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, babana bai taɓa sassaƙa harafi bai-bai ba. Wanda ya bari aka ɗaure shi, ban yafe ba."

Jikinta kullum baya yake yi. In na faɗa, zan ƙarasa ta da baƙin ciki. In na yi shiru, za ta tafi tana ba ni amana, ba ta yafe mini ba. Jama'a, me zan yi?